Mastura Mai Tsallakar da Alhazai

Uwar mijina ce, saboda haka tana da rai ban taɓa kama sunanta ba. Iya nake ce mata. Yanzu da ƙasa ta rufe mata ido, ni kuma tsufa ya rage mini kunya, zan faɗa: sunanta Mastura, kuma a zamaninta babu wanda ya kwana biyu a Karantina, unguwar mutanenmu a Jidda, bai ji muryarta ba, don Allah bai hore mata magana a hankali ba.

A Sudan aka haife ta, a wani ƙauyen Hausawa kusa da Gadarif. Iyayenta mutanen ƙasar Haɗeja ne da suka taso da ƙafa za su Makka, suka yada zango don su yi noman shekara ɗaya su samu guzuri, zangon ya cinye shekara ashirin, ya cinye su su ma. Ita ce ta ƙarasa musu tafiyar. Ta haye teku daga Sawakin da mijinta, da goyon ɗanta Ɗan'azumi, wanda daga baya ya zama maigidana. Mijin bai daɗe ba ya rasu. Ta kafa ɗakuna uku a Karantina da gwangwanin kananzir da katakon akwatunan da ake zubarwa a mina, wato tashar jiragen ruwa, tana toya waina da safe, tana sayar da gyaɗa da yamma. In lokacin aikin hajji ya zo sai ta shimfiɗa tabarmi a tsakar gida ta sauki alhazan ƙasar Hausa.

Ni Jamilatu, an kawo ni gidan ina amarya a 1955. Gajeriyar mace na tarar, mai saurin tafiya da saurin fushi, ni kuma ba a bar ni a baya ba. Mun yi shekara ashirin da uku muna faɗa a kan gishirin miya, kuma har gobe ni ce da gaskiya.

Amma ba waina ce ta sa aka san ta ba. Abin da ya fitar da sunanta shi ne tsallakar da alhazai. A wancan lokacin, in alhaji zai koma gida, sai ya bi layi a gaban likita, ko a mina ko a filin jirgi. A duba katin rigakafinsa, a dubi idonsa, in an ga alama a sa masa tsinken awon zafi a baki. Wanda aka samu da zazzaɓi sai a kai shi mahjar, gidan da ake killace marasa lafiya har su warke. Mutanenmu sun fi tsoron mahjar a kan ciwon kansa. Ana cewa wanda ya shiga ba ya fita, kuma ƙarya ce, amma ƙaryar da kowa ya yarda da ita. Gaskiyar da ke ciki ita ce jirgi ba ya jiran kowa. In ya tashi ya bar ka, takardunka suka ƙare, ka zama ɗan Karantina da ƙarfi da yaji.

To Iya ta san yadda ake bi da likita. Mai jan ido ta rambaɗa masa kwalli. Mai tari ta ba shi jiƙon tsamiya da kanumfari ya riƙe masa maƙogwaro na ɗan lokaci. Ta jiƙa tsumma ta sa masa a ƙarƙashin hula. Sannan ta bi su har bakin ƙofa da ƙanƙara a naɗe cikin buhu, kamar mai sayar da ruwan sanyi, in layi ya kusa kaiwa gare shi ta cusa masa guntu a baki ya tsotsa. Ta koya masa Larabcin da zai ishe shi: ɗayyib, wato lafiya lau, alhamdu lillahi. Ba sana'a ba ce, lada take nema. Ita da ta ga kabarin uwa da uba a tsakiyar hanya, ba ta iya ganin mutum zai maƙale tsakanin Makka da gida ta zura ido. Ni ma na sha riƙe mata buhun ƙanƙarar, ina jin kaina kamar mai jihadi.

A hajjin 1957, cikin tsananin zafi, wata mura ta shigo tare da alhazai. An ce daga can gabas ta taso, ta bi jiragen ruwa ta zaga duniya. Karantina duk ta ɗauki tari. Ni ma ta kwantar da ni da cikina na fari. Amma yawancinmu kwana biyar ko shida muka miƙe, sai tsofaffi kaɗan da ta tafi da su. Saboda haka Iya ba ta ɗauke ta a bakin komai ba.

Cikin baƙinmu na shekarar akwai wani dogon mutum mai suna Haladu, mai raƙuma, daga wani ƙauye da ake kira Rijiyar Aduwa, can arewa da Tanut, inda gonakin gero ke ƙarewa makiyaya su karɓa. Ya ce daga inda mota ke tsayawa sai ka yi kwana uku a raƙumi. Shi da abokan tafiyarsa huɗu ta jirgin sama suka zo, ta Kano. Ran da za su koma ya wayi gari jikinsa kamar garwashi.

"Hajiya, ki rufa mini asiri," in ji shi. "Damina ta sauka. Na bar iyali da gona ba namiji babba."

"Halas, ya isa haka, daina kuka kamar ba alhaji ba," Iya ta ce. "Mura ce. Buɗe idon nan in sa maka kwalli."

Ya tsallake lafiya. Ina kallo ya waiwayo daga bayan shingen yana ɗaga mata hannu biyu yana sa mata albarka. Muka dawo gida tana ba maƙwabta labari tana dariya, wai likitan har ya dafa masa kafaɗa.

Shekara huɗu bayan haka wata mata daga ƙauyen nan ta sauka a gidanmu, don Haladu ya gaya wa mutanensa duk mai zuwa Jidda ya nemi gidan Mastura. Sunanta Rahamatu, mace mai sanyin magana. Wata rana da la'asar muna zaune mu uku muna ɓarar gyaɗa, Iya ta tambaye ta 'ya'yanta nawa.

"Biyar na haifa," ta ce. "Biyu sun tafi a shekarar dawowar Alhaji Haladu."

Ba da wata manufa ta faɗa ba. Su a can haka suke kiran shekarar. Iya ta ce ta ba ta labari, ita kuma ta bayar, hannunta bai daina aiki ba.

Ta ce ran da alhazan suka iso, Haladu ya fara jin sauƙi, amma tari bai sake shi ba, biyu daga abokan tafiyarsa kuma zazzaɓi ya kama su a hanya. Gari duk ya fito tarya. Kun san al'adarmu: sabon alhaji addu'arsa karɓaɓɓiya ce har kwana arba'in. Maza suka yi ta rungumarsu, mata suka jero da jarirai a yi musu tofi a ka. Aka zuba ruwan zamzam a ƙoƙo ɗaya ya zaga gari, kowa ya kurɓa ya miƙa wa na kusa. Buzaye suka zo daga zangonsu a raƙuma don neman tubarraki, Fulani suka zo daga ruga da ƙwaryar nono. Kowa ya samu rabonsa ya koma da shi gida.

Kafin sati ya zagayo babu gidan da ba a kwance. Ta ce ba zazzaɓin kaɗai ya yi ɓarnar ba. Rijiyarsu mai zurfi ce, sai da sa da mutum biyu ake jan ruwa, aka wayi gari babu mutum biyu masu ƙarfin tsayuwa. Babu mai daka, babu mai hura wuta. Uwa tana jin ɗanta yana neman ruwa ba ta iya ɗaga kai. Asibiti kuwa sai labari. Daga rijiyarsu ciwon ya bi makiyaya zuwa rijiya ta gaba, daga can ya shiga ayarin gishiri ya yi arewa, inda mutane ba su taɓa haɗuwa da irinsa ba. A ƙauyensu kaɗai an binne mutum talatin da wani abu, yawanci yara da tsofaffi. Na zangon Buzaye da rugage ba wanda ya san adadinsu. Shi kansa Haladu ya binne 'yarsa Zaituna mai shekara huɗu, wadda ya fara ɗauka ya yi wa tofi.

Na dubi Iya. Gyaɗa ɗaya ce a hannunta tun ɗazu ba ta fasa ba. Na yi mata ido don ta yi shiru, don wallahi ni da na riƙe buhun ban shirya a tona ba. Amma yaushe Iya ta taɓa jin maganata?

"'Yar uwa, ajiye gyaɗar nan ki dube ni," ta ce. "Likita ya so ya tsare mutumin nan a Jidda. Ni na sa masa ƙanƙara a baki ya wuce. Da hannun nan."

Rahamatu ta daɗe tana kallon hannun. Na ɗauka za ta yi kuka ko ta tashi ta bar gidan. Sai ta ce, "Ke ƙanƙara kika ba shi, ba ki san mu ba. Ni kuwa da hannuna na miƙa masa yarana, har na ture wata don in riga ta." Ta ja tiren ta ci gaba da ɓara. Can ta ƙara da cewa, "Ba zan gaya wa Alhaji ba. Abin da ya binne ya ishe shi."

Ban taɓa ganin Iya ta yi kuka ba, ranar ma ba ta yi ba. Amma ta yi kwana uku ba ta yi mini faɗa ba, har na fara tsorata.

Daga shekarar ta daina. Ba ta yi wa kowa bayani ba, in an zo neman tsallakarwa sai ta ce ta tuba. Karantina kuwa ba a rasa bakin magana. Aka ce Mastura ta zama 'yar hukuma, aka ce likitoci sun saye ta. Baƙi suka ragu. Wata maƙwabciyarmu da ta koyi dabarar a wajenta ta ɗauki buhun ƙanƙara ta ci gaba, kasuwarta ta buɗe. Abin ya ƙona mini rai, na sha fita in rama wa Iya zagi a bakin famfo, in dawo ta zage ni don na bar tuwo a wuta.

Ita abin da ta yi, ta sa Ɗan'azumi ya ƙara mata ɗaki ɗaya a bayan gida, da taga ta wajen iskar teku, da randarsa da kofinsa daban. Sannan ta fara ɗaukar kunu a kwano tana kai wa 'yan ƙasarmu da aka tsare a mahjar. Da farko korarta ake yi. Sai wani likita, mutumin Masar, ya lura tana jin Hausa da Larabci da ɗan Fulatanci, shi kuma yana fama da marasa lafiyar da ba ya gane ciwonsu sai da nuni. Ya mai da ita tafinta. Ita kuma ta mai da shi makaranta. Ta tsare shi da tambaya: kwana nawa ciwo ke yi a jiki kafin ya bayyana, kwana nawa mai shi ke iya ba wani. Ya ce irin wannan murar, sati ɗaya zuwa kwana goma. Iya ba ta son "zuwa". Ta riƙe kwana goma.

Haka aka yi ta tafiya har hajjin 1970, wanda ya faɗo cikin sanyi. Wata murar ta sake zagayo duniya, ta shigo da alhazai kamar ta farko. A shekarar mutum bakwai suka zo mana daga Rijiyar Aduwa. Jagoransu wani dattijo ne, Malam Usuman. Cikinsu akwai Bello, babban ɗan Haladu, magidanci mai shekara talatin, dogo kamar ubansa, mai yawan dariya. Ya baro matarsa da tsohon ciki, kullum lissafin kwanaki yake yi, yana so ya riski suna.

Kwana biyu kafin jirginsu ya tashi, Bello ya kasa cin waina da safe. Iya ta taɓa goshinsa, ta ce ya kwashi tabarmarsa ya koma ɗakin baya. Ya yi dariya.

"Inna, ai shi ya sa muka sauka a nan. Baba ya ce in wani abu ya same ni kada in damu, Hajiya Mastura tana da dabara."

"Dabarar ta mutu," in ji Iya. "Za ka kwanta kwana goma. In jirgi ya tashi, akwai wani."

Ya roƙa, ya yi wasa, ya kira ta uwa, ya kira ta kaka. Washegari da hantsi zazzaɓin ya ƙaru, haƙurinsa ya ƙare. Wani ya tsegunta masa cewa maƙwabciyarmu tana yi. Ni gudunmawar da na bayar ita ce na ɓoye takalmansa a cikin tukunyar waina, dabarar da ba ta tsinana komai ba, don mutumin da ya tashi a cikin ƙaya bai damu da takalmi ba. Ya fito babu takalmi yana layi. Ya tarar da Iya zaune a tsakiyar ƙofar gida, ta miƙe ƙafafu, ta cika hanya duk da ƙanƙantarta.

Kai ƙararsa wajen likita ba ya cikin lissafi. A Karantina za a yafe maka sata, ba za a yafe maka kai ɗan uwa ga hukuma ba, ita ma ba za ta iya ba. Abu ɗaya ya rage mata, wanda ta riƙe shekara tara.

"Inna, ki ba ni hanya. Ba na son in tsallake ki."

"Zauna, ya waladi, ɗana, in tambaye ka. Kana da ƙanwa Zaituna?"

Ya tsaya. "Ta rasu tun tana ƙarama. Wa ya gaya miki?"

"Shekararka nawa a lokacin?"

"Goma sha bakwai. Ni na ɗauke ta zuwa maƙabarta, don Baba ya kasa." Ya goge gumi. "Annoba ce Allah ya kawo."

"Allah ne ya kawo. Amma a gidan nan ta kwana, a kan tabarmar da kake kwana. Babanka ya tashi da zazzaɓi irin naka, ya roƙe ni yadda kake roƙona, na sa masa ƙanƙara ya wuce likita. Ya je ya ɗauki Zaituna ya yi mata tofi."

Sauran alhazan sun taru a tsakar gida. Idon Bello ya kaɗa, muryarsa ta yi ƙasa. Na matsa kusa da taɓarya, don ban san abin da zai yi ba.

"Yanzu kina nufin Baba ne ya kashe ta?"

"Babanka bai sani ba. Ni ma ban sani ba. Kai ne yanzu ka sani." Ta naɗe ƙafafunta ta matsa gefe. "Ga hanya. Gidan maƙwabciyar tamu shi ne na uku a hannun dama. In ka isa gida, jaririn za su fara miƙo maka."

Ya daɗe a tsaye yana kallon ƙofar. Sannan ya juya, yana dafa bango, ya shige ɗakin baya ya ja labule. 

Na ɗauka an gama, ashe da sauran aiki. Iya ta juya kan mutum shida masu lafiya, waɗanda suka yi sati suna cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Su likita ba zai tsare su ba, don ba abin da zai gani. Ta durƙusa a gaban Malam Usuman, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba.

"Malam, ku ciwon yana jikinku, bai dai fito ba. In kun hango gari, kada ku shiga. Ku sauka a nesa, ku yi kwana goma. Ba musafaha, ba runguma, ba tofi. A ajiye muku abinci a tsakiyar hanya. Zamzam kuma in kun shiga kowa ya kawo ƙoƙonsa."

"Hajiya, kin san abin da kike faɗa kuwa?" in ji shi. "Mutum ya dawo daga ɗakin Allah ya hana 'yan uwansa hannu? Za a ce mun yi girman kai. Kwanakin karɓar addu'a kuma suna tafiya."

"In an cire goma daga arba'in ai da saura. Ku ɗaga hannu daga inda kuke ku yi musu. Wanda ya ji ku a Arfa zai ji ku a bakin gari."

Dattijon ya shafa gemu ya ce, "To, za mu gani." Duk wanda ya san Bahaushe ya san wannan ba alkawari ba ne. Da shi suka hau jirgi.

Ciwon ya sauka wa Bello a ƙirji, sai da Iya ta ɗauko likitanta ya yi masa allurai. Kwana goma sha tara ya yi a ɗakin baya. Ita kaɗai ke shiga, da mayafi a naɗe a hanci, ta hana ni ko leƙe saboda yara. Da ya warke, likitan ya rubuta masa takarda, wakilin alhazai ya sama masa kujera a jirgin ƙarshe. Ya yi mana sallama a tsaye, gaisuwar da ba ta wuce leɓe ba. Na ji haushi ƙwarai, na ce dubi ɗan banza, ko na gode babu. Iya ta ce, "Na ɗora masa kayan da zai kai wa ubansa ko ya ɓoye masa har abada. Godiyar me zai yi?"

Daga nan sai jira. Babu waya, babu mai zuwa daga wannan lungu sai wani hajjin. Shekara guda Iya ba ta san ko Malam Usuman ya tsaya a bakin gari ko ya shige ba. Duk baƙon da ya zo daga Nijar, ko daga Maraɗi yake, sai ta tsare shi da tambayar Rijiyar Aduwa, ba wanda ya taɓa jin sunan. Ta rame. Waina ta fara ƙonewa a hannunta, ni kuma na kama bakina, wanda ba ƙaramin aiki ba ne a wajena.

Da hajji ya zagayo, wani mutumin Tanut ya yi sallama da azahar, ya ciro takarda daga cikin hularsa. Da ajami aka rubuta ta, daga Malam Usuman. Ɗan'azumi ya dawo daga mina cin abinci, Iya ta hana shi wanke hannu, ta ce ya karanta.

Malam Usuman ya ce a hanya ya yi niyyar shiga gari, don bai ga yadda zai iya kunyar ba. Amma a kwana na biyu a raƙumi mutum ɗaya ya fara rawar sanyi. Sai suka sauka a gindin wani gawo, inda murya ke iya kaiwa gari. Jama'a suka fito da gudu da guɗa. Ya ɗaga sanda yana cewa su tsaya, ba wanda ya saurare shi, mata da jarirai a gaba. Sai Rahamatu ta fito ta tsaya a tsakani, ta kwance ɗankwalinta ta shimfiɗa a ƙasa, ta ce duk wadda za ta wuce sai ta taka shi. Ta kira sunayen 'ya'yanta biyu. Matan suka tsaya.

Uku daga cikin shidan suka kwanta a gindin gawon. Biyu suka tashi. Ɗaya, wani tsoho mai suna Hamad, ya rasu yana hango rufin ɗakinsa, 'ya'yansa kuma har yanzu ba su huce ba, Malam ya ce ba zai ɓoye mata wannan ba. Bayan wata biyu wasu mutum biyu suka kwaso murar daga kasuwa, mutanen gari da kansu suka kai su bukkar gona suka yi musu yadda aka yi wa alhazai. A cikin gari ba a binne kowa ba. A zangon Buzaye da ke shan rijiyarsu ma haka.

Matar Bello ta haihu kafin ya iso. In kuna jiran in ce an sa wa jaririn sunan Iya, to namiji ne, kuma ba a ma yi tunanin ba.

Ɗan'azumi ya fara naɗe takardar. Ya ce saura gaisuwa ce kawai, irin ta mutanen ƙauye, wane yana gaishe ki, wance tana gaishe ki, har bayan takardar.

"Karanta," in ji Iya.

"Ya ummi, sun fi mutum sittin, kuma ba ki san su ba. Tuwona yana hucewa."

"Na ce ka karanta. A hankali."

Ya karanta. Liman yana gaishe ki. Rahamatu tana gaishe ki, da 'ya'yanta uku, da jikokinta. Alhaji Haladu yana gaishe ki, ya ce ya ji, ya ce ki yafe masa shi ma ya yafe. Bello yana gaishe ki. Daga nan sai sunaye, gida gida, har da na yaran da ba su iya magana ba, iyayensu suka sa a rubuta. Iya tana zaune a kan turmi, ido rufe, kowane suna ta amsa, "Ina amsawa."  Ni na juya baya ina gyara murhun da ba abin da ya same shi, don kada ta ga fuskata ta samu abin gori.

Da ya kai ƙarshe ta buɗe ido ta ce, "Duk waɗannan suna nan?"

"Suna nan, Iya. Su suka aiko."

Ta miƙa hannu ya ba ta takardar, ita da ba ta iya karatu ba. Ta juya ta gaba da baya, ta dubi yadda rubutun ya cika ta har gefe. Sannan ta ce da ni, "Ke, zubo wa baƙon nan abinci, ya yi tafiya mai nisa. Ni ma ki zubo mini. Da yawa."